Shirin Talabijin Na Al'umma: Wa Ke Da Shi, Wa Kuma Zai Tambayi Masu Riƙonsa?

Wannan shi ne jawabin da kwamitin kare haƙƙi ya gabatar a babban taron ƙungiya. An buga shi a nan domin amfanin magidantan da ba su samu halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam. Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, Allah Ya ja zamani. Malamanmu da limamanmu, Allah Ya gafarta. Shugabannin kara da na mahauta da 'yan goro da 'yan gwari da direbobi, iyayenmu mata, da ƙannenmu matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, kowa a nan ya san abin da ya tara mu. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi da ya wuce, babu majalisar da mutum zai zauna, ko a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi, da ba zai ji ana maganar shirinmu na Hausa na talabijin ba. Wasu na cewa an sayar da shi, wasu kuma na cewa hassada ce kawai ake yi wa waɗanda ke riƙe da shi. Mu ba a aiko mu yanke wa kowa hukunci ba. An dai umarce mu da mu bincika mu gano iyakar haƙƙinmu a kan shirin da aka kafa da sunanmu da kuma kuɗinmu, sannan mu kawo shawara.

Abin da ya faru

Domin waɗanda ba su san tushen maganar ba, minti 30 ne a kowane mako muke saya a wani gidan talabijin na wannan jiha, kuma da karo-karon 'yan kasuwarmu ake biya. A cikinsa ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, a yi cigiyar yaron da ya ɓata, a faɗi ranar rigakafi da ranar rajistar katin zaɓe. Iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda da yawansu ba sa jin harshen gari sosai balle Turanci, da wannan shiri suke sanin abin da gari yake ciki.

Ƙorafi uku aka kawo mana. Na farko, ana saura 'yan makonni zaɓe, an nuna ɗan takarar shugabancin ƙaramar hukuma guda ɗaya mako uku a jere, alhali abokin karawarsa ya nemi fili an ce masa babu. Na biyu, wasu matasanmu sun ɗauki hoton magudanar ruwan da ta toshe a bayan kasuwa, tare da muryoyin 'yan tireda da ke kukan ana karɓar musu haraji sau biyu. Ba a sa hoton ba, da suka matsa kuma sai aka ce kada su sake zuwa wurin ɗaukar shiri. Na uku, an daɗe rabon da a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.

Mun je gidan talabijin ɗin, aka karɓe mu da mutunci, aka kuma fito mana da takardar yarjejeniya. Jama'a, sunan ƙungiyarmu ba ya cikin wannan takarda. Mutum ɗaya ne ya sa hannu da sunan kansa, kuma jami'in da muka gani ya gaya mana ƙarara cewa su wanda ya sa hannu suka sani, shi ne abokin cinikinsu. Wato shekara da shekaru muna cewa shirinmu, shirinmu, amma a idon doka ba mu da ko minti ɗaya a ciki. Laifin nan kuwa namu ne gaba ɗaya, domin ranar da aka fara babu wanda ya ce a rubuta.

Wata shari'a a Amurka

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin bincikenmu mun ci karo da wata shari'a da aka yi a Amurka, ƙasar da ta daɗe da tsarin tashar talabijin ta jama'a, kuma muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku mu bayyana ta, domin ta yi kama da tamu ƙwarai.

A can, gidaje da yawa sun daɗe suna kama talabijin ta waya, wadda ake kira kebul. Kamfanin da zai ja wayar dole ya bi ta titunan gari, saboda haka sai ya nemi izinin hukumar garin. Wata doka da majalisar ƙasar ta yi a 1984 ta ba hukumomin garuruwa ikon gindaya wa kamfani sharaɗin ya ware wasu tashoshi domin jama'a da makarantu da harkokin hukuma, ta kuma ba su damar karɓar kuɗin izini da bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin ba. A jihar Niyok ƙa'idar ita ce tashar jama'a kyauta ce, kuma wanda ya riga kawo shirinsa shi za a riga sa wa, ba tare da nuna bambanci ba.

A gundumar Manhattan, ɗaya daga cikin gundumomi 5 na birnin Niyok, hukuma ba ta riƙe waɗannan tashoshi da kanta ba. Ta damƙa su ga wata ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, mai suna MNN. A cikin kujeru 13 na hukumar gudanarwarta, 2 ne kawai shugaban gundumar ke da ta cewa a kansu.

A wannan gunduma akwai unguwar Harlem ta Gabas, inda mutanen tsibirin Puerto Rico masu jin Sifaniyanci suka yi kaka-gida, har suke kiranta El Barrio, ma'ana unguwa, kusan kamar yadda mu muke cewa Sabo ko Zango. A 2012 wasu mutum biyu da suka daɗe suna hulɗa da tashar, wata mai shirya fim, DeeDee Halleck, da wani marubucin waƙoƙi, Jesus Papoleto Melendez, suka shirya ɗan fim suna zargin MNN da yin watsi da mutanen wannan unguwa. Tashar ta nuna fim ɗin sau ɗaya. Daga nan ta ce ta samu ƙorafe-ƙorafe, kuma akwai kalamai a ciki da ta ɗauka barazana ce ga ma'aikatanta. Rigima ta yi ta ruruwa har aka dakatar da matar na shekara guda, shi kuma aka hana shi amfani da tashar har abada.

Sai suka garzaya kotu a 2015, suna cewa an tauye musu 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin ƙasarsu ya ba su. Kotun farko ta kori ƙarar a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a 2018, sannan a ranar 17 ga Yuni, 2019, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 a gefe guda, 4 a ɗaya gefen. Masu rinjaye, ta bakin Mai shari'a Brett Kavanaugh, suka ce wancan sashe na tsarin mulki gwamnati yake ɗaure wa hannu, MNN kuwa ba gwamnati ba ce, kuma tashoshin ba mallakar birnin ba ne. Suka kawo misalin mai kanti da ya kafa allon sanarwa domin jama'a, suka ce wannan bai mayar da shi hukuma ba, yana da ikon cire takardar da ya ga dama. Marasa rinjaye, ta bakin Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ita ma iyayenta 'yan Puerto Rico ne, suka ce a'a, birnin ne ya karɓi tashoshin a madadin jama'a sannan ya wakilta MNN, wakili kuwa yana ɗaukar nauyin da ke kan wanda ya wakilta shi, kamar likitan da gwamnati ta ba kwangilar duba fursunoni.

A lura da abu biyu. Kotun ba ta ce fim ɗin ƙarya ne ko gaskiya ne ba, ba ta kuma ce korar da aka yi adalci ce ba. Cewa ta yi ba wannan ƙofa ya kamata su ƙwanƙwasa ba. Har ila yau masu rinjayen sun nuna cewa da birnin ne ya riƙe tashoshin da kansa, ko ya mallake su a rubuce, da maganar tana iya canzawa. Ashe ke nan duk shari'ar ta rataya ne a kan yadda aka tsara abin tun ranar farko.

Dokar Amurka daban, tamu daban, hukuncinsu bai hau kanmu ba. Darasin ne muke so. Mutanen da ke da doka a rubuce, da lauyoyi, da shekara huɗu ta zirga-zirgar kotu, sun tashi a tutar babu domin kalmar "jama'a" da ke jikin tashar ba ta ba su ikon tuhumar masu riƙonta ba. To ina ga mu da ko takarda ba mu da ita?

Abin da dokar ƙasarmu ta tanada

Rigimar wa zai yi magana a akwatin rediyo ko talabijin tsohuwa ce a Nijeriya. A 1953, bayan 'yan jam'iyyar Action Group sun fice daga zauren majalisa a Ikko a kan batun neman mulkin kai, Gwamna Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnati ya soke su. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, aka hana shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Jihar Yamma ta kafa gidan talabijin nata a Badun a 1959, Gabas ta bi sahu a 1960, Arewa kuma ta buɗe nata a Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin ƙarƙashin NTA, kuma sai a 1992, da Doka ta 38 wadda ta kafa hukumar NBC, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Lasisin rediyon al'umma kuwa sai a 2015 aka amince da rukunin farko na guda 17.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi. Amma wannan sashe ya ƙara da cewa babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda Shugaban Ƙasa ya ba izini. Saboda haka masu cewa mu sayi na'ura mu kafa tashar kanmu a unguwa, su sani sai da lasisi, kuma dokar NBC ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Sashe na 41 da na 42 da na 43 sun tabbatar mana da 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar nan, da kariya daga wariya saboda ƙabila ko addini ko asali, da 'yancin mallakar fili ko gida. Ba alfarma ake yi mana ba idan aka sayar mana da fili a gidan talabijin na jiha.

Kundin ƙa'idojin NBC ya tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka taɓa mutuncinsa a shiri. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen watsa labaran gwamnati domin fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, ta kuma hana tallar ɗan takara cikin awa 24 kafin ranar zaɓe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardu, a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi. Duk waɗannan makamai ne a hannunmu idan da gidan talabijin ko da hukuma muke jayayya. Amma babu ɗaya daga cikinsu da zai tilasta wa kwamitin cikin gidanmu ya karanta mana lissafi. Wannan sai dokar da muka rubuta wa kanmu.

Dalilin da ya sa 'yan siyasa ke zawarcin shirin

Kada mu ɗauka minti 30 ƙaramin abu ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota a ƙarƙashin ƙananan hukumomi, har da karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Ku duba da kyau, kasuwa da kwata da tasha, nan ne abincin kusan kowane gida da ke wannan zaure. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila sun fi sanata kusa da tukunyarmu. Su kuma sun san ƙuri'unmu kan tafi wuri guda, kuma sun san hanya mafi sauƙi ta shiga ɗakunan matanmu ita ce wannan shiri.

Ɗan siyasa bai yi laifi ba don ya nemi fili, sana'arsa ke nan. Haɗarin yana wajenmu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da kuɗin ɗan takara ya biya mana kuɗin fili, ranar muka rasa bakin faɗin cewa magudanar ruwa ta toshe. Sannan idan shirin da ake kira na Hausawa ya bi mutum guda, to a idon gari Hausawa duka ne suka bi shi. In ya faɗi, wanda ya ci ba zai tambayi wa ya sa hannu a takarda ba. Mai tireda da mai turin baro su za su ji a jikinsu ranar rabon rumfuna.

Akwai kuma abin da ya fi rumfa. Manyanmu ba su manta da Shagamu da Ketu a 1999 ba, ko Idi-Araba a 2002, matasanmu kuma sun ga Ile-Ife a 2017 da Shasha a 2021. A irin waɗannan ranaku jita-jita ta fi wuta gudu, kuma abin da ke ceton rai shi ne murya guda da mu da maƙwabtanmu 'yan gari muka yarda ba ta ƙarya. Shirin da aka san na wani ɗan siyasa ne, ranar da ya ce a kwantar da hankali babu mai saurarensa.

Wasu dattawanmu sun ja hankalinmu cewa baƙo ba ya tona asirin gidansa a gaban masu gari. Mun ji wannan magana, kuma muna girmama ta. Amsarmu ita ce, matasan da aka hana fili ba su yi shiru ba, sun zuba hoton a Facebook da WhatsApp tare da zafafan kalamai, har ya kai inda shirinmu bai taɓa kaiwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufin asirin da za mu iya yi shi ne mu samar da inda mai ƙorafi zai kai kukansa a cikin gida a saurare shi.

Shawarwarin kwamiti

1. A sabunta yarjejeniya da gidan talabijin da sunan ƙungiya kamar yadda yake a rajistarta ta hukumar CAC, mutum 3 su sa hannu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta riga ta wajabta wa amintattun ƙungiya ajiye littafin kuɗi da miƙa rahoto.

2. Babban taro ne zai zaɓi kwamitin shiri, na tsawon shekara 2, da kujerar mata da ta matasa da ta kowace sana'a. Mai riƙe da muƙamin jam'iyya ko na siyasa ba zai zauna a ciki ba, wanda kuma ya yanki fom ɗin takara ya sauka.

3. A ajiye littafi a ofis. Duk wanda ya kawo sanarwa ko hoto a rubuta sunansa da rana, a bi layi. Idan an ƙi sa wani abu, a ba mai shi dalili a rubuce cikin kwana 7. Dalilan ƙi su tsaya ga tunzura jama'a, da ƙazafi, da batsa, da saɓa ƙa'idar NBC. Sukar kwamiti ko ta shugabanni ba dalili ba ce.

4. Duk wanda aka ambata da laifi, Bahaushe ne ko ɗan gari, a ba shi fili daidai da wanda aka yi amfani da shi a kansa, a shiri na gaba.

5. Lokacin zaɓe, ko a ba kowane ɗan takara minti daidai, ko a hana kowa. Tallar da aka biya a faɗa a fili cewa biya aka yi, kuɗin kuma ya shiga asusu da rasit.

6. A karanta lissafi duk wata 3, a manna shi a ofis, a kuma buga shi a wannan mujalla.

7. Kada a dakatar da kowa sai an saurare shi. Babu korar har abada. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara gaban dattawa 5 da ba sa cikin kwamitin, ƙarƙashin inuwar mai girma Sarki.

8. A ajiye kwafin kowane shiri, domin ranar musu a kunna kowa ya gani.

Muna kuma ba da shawarar a yi amfani da waɗannan ƙa'idoji a shafukan ƙungiya na intanet, domin wanda ke riƙe da mabuɗin shafi ikonsa ɗaya da na mai riƙe da shiri.

Kafin mu zauna, wajibi ne mu faɗi gaskiya game da 'yan'uwanmu da suka riƙe shirin nan tun farkonsa. Sun bar rumfunansu sun yi ta zarya ba albashi, akwai makonnin da karo-karo bai cika ba suka cike daga aljihunsu. Ba mu zo cin mutuncinsu ba, kuma waɗannan ƙa'idoji su za su fara karewa, domin wanda lissafinsa ke manne a bango ya huta da zargi. Haka nan muna roƙon a janye hanin da aka yi wa matasan nan, su kuma su sauke kalaman da suka yi wa na gaba da su, su zo su nemi afuwa.

Za a ajiye kwafin shawarwarin a ofis har zuwa taro na gaba, inda za a kaɗa ƙuri'a a kansu ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon kowane magidanci ya karanta wa iyalinsa, ya kuma ji ra'ayin matan gidansa, tunda su ne suka fi kowa kallon shirin. Wanda ke da gyara ya kawo a rubuce, ko ya zo ya faɗa a rubuta masa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya, inda muka yi kuskure kuma muna neman gafararSa da afuwarku. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.